Zare: Hilux ɗina, naira miliyan 1.4, da daren da amalanken shanu ya wuce ni

1/
Jiya da daddare wani ƙanina na nan dandalin ya turo min saƙo: "Yayana, na sayi Hilux, kuɗin da ya rage min ba yawa. Bamba zan fara sa mata ko ɗaga ta zan yi?" Na fara rubuta masa amsa sai na ga abin ya fi ƙarfin saƙo ɗaya. Bari in buɗe zare kawai kowa ya gani. Da tsawo fa, ku samo shayi. 🧵

2/
Ni ba makanike ba ne, kar wani ya zo yana kira na Injiniya. Riɗi da zoɓo nake saye a ƙauyukan Jigawa, wajejen Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, in kawo kasuwar Dawanau. Wanda ya san yankin ya san zancen: kwalta na ƙarewa sai yashi. Da damina kuma in harka ta kai ka ɓangaren Haɗeja, sai laka mai riƙe taya kamar danƙo.

3/
Shekara uku ina ɗaukar shatar mota. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin shata ya fara cinye ribar gaba ɗaya. A watan Satumba na sayar da kasona na filin da mahaifinmu ya bari, Yayata ta ƙara min da kuɗin adashenta, na sayi Hilux ƙirar 2010. Fara, mai fetur, inji 2.7, giyar hannu, mai ƙofa huɗu. Wani kamfanin gine-gine ne ya yi aiki da ita kafin ta shigo hannun dillalai.

4/
Ranar da Yaya ta ba ni kuɗin, abin da ta ce ke nan: "Ba bashi na ba ka ba, hannun jari na sa. Amma ka sani kuɗin makarantar yaran nan ne." Ku riƙe wannan maganar, don ni a lokacin ban riƙe ta yadda ya kamata ba.

5/
Bayan an biya mota da takardu, naira miliyan 1.4 ta rage a hannuna ta gyara. Ni kuwa wata biyu ina kwana a YouTube ina kallon Turawan Ostiraliya da Larabawan Dubai suna wasa da motoci a jeji. Har jeri na rubuta a waya: bambar ƙarfe, doguwar fitilar LED a kan rufi, rim mai inci 20, ɗaga mota, bututun shan iska na gefen gilas, winci. Babu ko kalma ɗaya a kan abin da ke ƙarƙashin motar.

6/
Akwai wani dattijon makanike a wajen Ƙofar Ruwa da ya daɗe yana gyara wa mahaifinmu mota. Baba muke ce masa. Na kai masa ita ya gani, na nuna masa jerin nan ina fara'a. Ya karanta, ya miƙo min wayata ya ce, "Ɗan nan, bar min ita kwana biyu in shiga ƙarƙashinta tukuna." Na ce to Baba, zan dawo. Ban dawo ba. A raina cewa na yi tsoho ne, bai san yayi ba.

7/
Wajen mai walda na nufa. Bamba, fitila, baƙin gilas, rediyo mai allo, sitika a gefe. Naira dubu 520 ta tafi cikin sati biyu. Allah ya taimake ni mai rim ɗin ya ƙi ragi, na yi fushi na bar masa kayansa. Wannan fushin shi ne abu mafi amfani da na yi a watan.

8/
Kuma gaskiya motar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Wasunku ma kun danna wa hoton so a nan. A gidan mai yara na zagaye ta, ni kuma ina jin kaina.

9/
Disamba, tsakiyar hunturu, kakar riɗi. Na kwana a wani ƙauye arewa da Gumel, gidan Malamin da ke tara min kaya. Tsakanin ƙauyen da kwalta kilomita 14 ne, duk yashi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka buga min ƙofa. Matar ƙanin Malam ce ke naƙuda tun la'asar, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti.

10/
In kana da mota a ƙauye, kai ne motar asibiti. Ba wanda zai tambaye ka ko ka shirya. Aka shimfiɗa ta a kujerar baya, surukarta na riƙe da kanta, mijin na gaba kusa da ni, ƙaninsa a bodi. Na kunna fitilar nan tawa, dajin ya yi haske kamar filin wasa na Sani Abacha.

11/
Kilomita 10 muka yi lafiya. Sai muka zo wani kwari, busasshen rafi ne mai yashi mai laushi. Da rana na bi ta gefensa inda ƙasa ta fi tauri, da daddare cikin sauri na faɗa tsakiya. Mota ta fara nauyi. Na taka totur. Ta ƙara nauyi. Na ƙara takawa. Ta tsaya.

12/
Ban damu ba, wallahi har murmushi na yi. Ai mai ja da ƙafa huɗu ce. Na ja ƙaramar giyar nan da direbobi ke ce wa ogzilari, na sa H4, na saki kuloci. Tayoyin baya na feso yashi, na gaba ko motsi. Na sa L4. Yanzu bayan ya samu ƙarfin haƙa sosai, cikin daƙiƙa kaɗan aksul ya zauna daram a kan yashi.

13/
Ba shebur a motar. Da hannu muka dinga tona, mu uku, cikin sanyin nan. Na ɗauko jak, ina juyawa yana nutsewa. Ba katako. Ba igiya. Waya ba sabis. Akwai rediyo mai allo dai.

14/
Abin da ba na mantawa shi ne sautin da ke fitowa daga kujerar baya. Da farko tana kuka, daga baya kukan ya koma nishi, sai muryar tsohuwar kaɗai ake ji tana salati. Mijin bai ce min komai ba. Ko kallon banza bai yi min ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

15/
Ƙanin ne ya ruga wata 'yar unguwa da ke kusa. Bayan kamar minti 40 sai ga wani dattijo da amalanken shanu, bijimai biyu. Aka ɗauke ta aka shimfiɗa a kan tabarma. Dattijon ya dube ni ya ce, "Samari, bar wutar nan a kunne mu ga hanya." Na tsaya ina haska musu da fitilar dubu 90 har suka ɓace.

16/
Sama da awa ɗaya suka yi kafin su kai kwalta, can suka samu wata Golf. An yi mata aiki da asuba. Ita da jaririyar duk suna raye, Alhamdulillah. Ban taɓa tambayar me zai faru da an ƙara awa ɗaya ba, kuma ba na son wani likita ya zo ƙasan zaren nan ya faɗa min.

17/
Da gari ya waye wani direban tsohuwar a-kori-kura ya tsaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ina furofelar gaba?" Na ce wace furofela? Ashe sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin gaba babu ita kwata-kwata. Wani a baya ya kwance ta, wataƙila ta lalace ya ga sayen wata asara ne. Wata uku ina yawo da rubutun 4x4 a gefe, kallon kitse nake wa rogo.

18/
Abin da ya fi ƙona min rai yana gaba. Direban ya tsinko tsinke, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace iska har suka yi ciki. Muka tona gaban tayoyin, muka tura tsohuwar zana da karan dawa. Ya shiga, ya sa ribas, ya saki kuloci a hankali kamar mai tsoron tada barci, mu huɗu muna turi. Ta fito. Da tayoyin baya kaɗai. Abin da zai fitar da mu a daren, tsinke ne da sani, ba na ko kwabo ba.

19/
Na dawo Kano kai tsaye garejin Baba. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ce, "An dawo?" Na ce an dawo Baba. Ya ce nawa ya rage? Na ce dubu 880. Ya zagaya bambar nan, ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya ce a kwance. Na sayar da ita dubu 150, wadda na saya 280. Jimla miliyan ɗaya da dubu 30. Ga yadda muka kashe, kuma da yau zan sake farawa haka zan bi.

20/
Farko: ba ƙari, sai an mayar da motar yadda kamfani ya yi ta. Mutane na raina wannan don ba ya fitowa a hoto. Hilux ko Prado ko Land Cruiser da ta fito daga masana'anta lafiya lau ta riga ta fi ƙarfin yawancin hanyoyin da za ka bi. Matsalar ita ce wadda ka saya shekararta 13 tana shan wuya a hannun direbobin da ba tasu ba ce.

21/
Muka samo furofela 'yar Beljiyam. Aka juye man giyabos, man ƙaramin giyabos na ogzilari, man aksul gaba da baya. Na baya da ya fito kalarsa kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga ya daɗe. Boris na taya ɗaya yana kuka, boljoyin biyu sun saki, roba mai rufe shaf ta yage yashi na shiga, sifirin ɗaya na baya ya karye an ɗaure da waya. Shokazoba na gaba sun mutu, nauyin bambata ya ƙarasa su.

22/
Sai lagireto. A kan yashi inji na aiki da ƙarfi, mota na tafiya a hankali, iska ba ta shiga sosai. A watan Afrilu a Maigatari wannan ba wasa ba ne. Aka wanke shi, aka canza tiyo biyu da murfi, aka zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya. Shi ma tamostat an cire shi, irin aikin da makanikanmu ke yi wai don kar mota ta yi zafi. Baba ya mayar. Birki aka duba ƙarshe. Duka wannan ya ci dubu 290.

23/
In za ka sayi irin motar nan, kafin ka biya: ka kwanta ka ga furofela biyu da idonka. Ka kai ta kan ƙasa ka sa H4 da L4, wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba na ja. A kan ƙasa na ce, ba busasshiyar kwalta ba. Irin wannan Hilux ɗin in ka sa ogzilari gaba da baya a ɗaure suke, a kwana sai ɗaya ya ɗan zame, kwalta kuma ba ta barin zamewa, sai ƙarfen ya sha wahalar. Kuma littafin Toyota ya ce a riƙa tafiya da ogzilari aƙalla kilomita 16 duk wata don mai ya zagaya. Nawa ne cikinmu suka taɓa buɗe littafin?

24/
Na biyu, taya. Nan ne mafi yawan kuɗin ya tafi, dubu 580 guda huɗu, kuma ko kaɗan ban yi da-na-sani ba. Duk ƙarfin inji, duk ogzilari, duk birki, ta wajen nan huɗu masu faɗin tafin hannu suke taɓa ƙasa.

25/
Tayoyin da na zo da su kala uku ne. Baba ya nuna min lamba huɗu da ke gefen kowace taya a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Ɗaya an rubuta 2314, wato sati na 23 a 2014. Shekararta tara. 'Yan Road Safety shekara 4 suke cewa, wasu kamfanonin taya na cewa kar ta wuce 10 ko da ba ta suɗe ba. Duk wanda ka bi a ciki, tawa ba ta ɗaukar buhun riɗi a kan titi mai zafi ba ce.

26/
Wata kuma akwai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, kuma robarta laushi. Tayar lokacin sanyin Turai ce, ta faɗo cikin 'yan Beljiyam. A zafinmu cinyewa take kamar sabulu. In dole sai 'yar Beljiyam za ka saya saboda aljihu, ba laifi, amma ka karanta lambar, ka duba tsagewa a gefe, kar mai shago ya shafa mata baƙin mai ya ruɗe ka.

27/
Wace iri? Zuciyata na son MT, masu manyan haƙora, don su ne ke ba mota kwarjini. Baba ya tambaye ni: daga Kano zuwa Gumel me kake takawa? Kwalta, sama da kilomita 100. Daga nan fa? Yashi 14 ko 20. To MT a kwalta ga ƙara ga shan mai ga saurin cinyewa, a yashi mai laushi kuma haƙa take. Laka ce gidanta, ni kuma lakar wata uku ce a shekara. AT na saya, mai matsakaicin haƙori, mai kaurin gefe saboda ƙaya da kututture.

28/
Girman ma ban ƙara ba, 265/70R16 na bari. Ga lissafin da ya sanyaya min jiki. Tsayin wannan tayar kusan milimita 777 ne. In ka koma 265/75R16 zai zama kusan 804. Bambancin 27, amma rabi ne ke ɗaga motar, wato milimita 13. Bai kai faɗin babban yatsanka ba. A kan wannan za ka ƙara kuɗi, ka ƙara shan mai, agogon gudu ya fara yi maka ƙarya, kuma in ta fashe a Gumel ka sha wuya kafin ka samu irinta.

29/
Rim mai inci 20 da na so saya fa? Da na saya da na kashe kaina. Rim na girma, robar taya na raguwa, ba ka da abin da za ka sace wa iska. Ka faɗa rami ɗaya ya tsage. Na ƙarfe mai inci 16 da motar ta zo da shi muni gare shi, amma in ya lanƙwashe ko maƙerin ƙauye zai buga maka shi da guduma ka ƙarasa gida.

30/
Safaya: mafi lafiya cikin tsofaffin na ajiye. Bayan wata biyar da na samu sarari na sayi ta biyar sabuwa. Ku gwada sauke safayar a gida ma, sarƙar tawa ta yi tsatsa, sai da aka jiƙa ta da mai.

31/
Na uku, kuma shi ne mafi arha: iska. Ranar da na maƙale tayoyina na kan 50. Haka masu faci ke bugawa in ba ka yi magana ba, su a wajensu tauri shi ne lafiya. Abin da ya dace da motarka na rubuce a 'yar takardar jikin ƙofar direba, kuma bai kai haka ba. Taya mai tauri a kan yashi kamar wuƙa take.

32/
Yanzu in zan sauka daga kwalta sai in tsaya in rage zuwa 18 ko 20. Tayar na shimfiɗuwa, wajen da ke taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, mota ta hau kan yashi maimakon ta huda shi. Ku dubi tafin raƙumi. Sharaɗi biyu: ba gudu, ba kwana mai kaifi, don tayar na iya fita daga rim. In na ɗauko kaya da nauyi ba na sauka ƙasa sosai haka. Kuma kafin in hau kwalta dole in mayar da iska, in ba haka ba zafi zai cinye tayar ta ciki.

33/
Shi ya sa geji da kwampireso mai maƙalawa a batir suka shigo. Kar ka sayi ɗan ƙaramin nan na roba mai shiga ramin sigari, kafin ya cika taya biyu ya ƙone. Sai shebur mai dogon ƙota, katako mai kauri na ɗora jak, kayan faci na tsutsa, igiyar ja mai faɗi da aka rubuta nauyinta a jiki, da maƙalai biyu na ƙarfe masu tambarin WLL. Jarkar ruwa, tocila, tukunyar kashe gobara. Dubu 120 duka. Kwatanta da 520.

34/
Maganar igiya ku saurara da kyau don ta rai ce. Kar ka taɓa ɗaura igiyar fisga a kan ƙwallon jan tirela na baya, ko a bambar da mai walda ya ɗana maka. In ya tsinke, ƙarfen tashi yake kamar harsashi, kuma gilas ɗin motar da ke ja yake nufa. A jikin shasi ake ɗaurawa, wajen da aka yi don ja. A jefa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar. A kori 'yan kallo nesa, musamman yara, don a ƙauye minti biyar ya isa su taru.

35/
Ragowar dubu 40 ta tafi a abin da ba wanda zai taɓa gani. Aksul na da ɗan hancin numfashi a samansa. In ya yi zafi ka shiga ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Asalin shayi da madarar nan ke nan. Baba ya sa tiyo ya ja hancin sama. Canjin da ya rage muka sha fetur.

36/
To sauran jerin nawa fa? Ɗaga mota: yana ɗaga bodi da shasi, amma ƙullin aksul na baya na nan inda yake, taya kaɗai ke ɗaga shi, kuma shi ne ya zauna a yashi ranar nan. A gaba kuma in ka wuce kamar inci 2, shaf na karkacewa suna saurin mutuwa. Ga mota ta ƙara tsawo, ka ɗora buhuna a sama, ka shiga kwana. Sabbin shokazoba da sifirin lafiyayye kaɗai sun dawo min da tsayin da tsufa ya cinye.

37/
Winci: sai da abin ɗaurawa. Je ka tsaya a kwarin nan ka nemo min bishiyar da igiya za ta kai. Kuma yana son bamba mai ƙarfi da batir mai kyau, kuɗi kan kuɗi. Bututun iska kuma na ɗaga hancin inji ne kawai, bai mayar da Hilux kwalekwale ba, wayoyi da kwamfutar mota na nan a ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san ruwa na tafiya da abin da ya fi Hilux. Ni dokata: in shiga da ƙafa tukuna, in yana gudu kuma ya kai gwiwa, in jira. In inji ya mutu a cikin ruwa kar ka sake tayarwa, a jawo ta.

38/
Bamba ba haramun ba ce fa, kar masu ita su taso min. Wanda ke tafiyar dare inda shanu da jakuna ke tsallaka titi yana da hujja. Amma ku tuna abin da aka yarje wa motar nan ta ɗauka, har da mutanen ciki, bai wuce tan ɗaya ba. Duk kilon ƙarfen da ka rataya mata daga cikin riɗinka aka cire, kuma kullum kana saya masa fetur.

39/
Na san wani zai ce hanyarsa daban. Gaskiya ne. Mai hawa Mambila daga Serti zuwa Gembu birki da lagireto ne ransa, da damina kuma MT na iya yi masa rana. Mai bin duwatsu farantin kare ƙarƙashin inji zai sa gaba. Mai shiga tuddan yashin Yusufari kar ya tafi shi kaɗai ko da me ya ɗaura wa motar. Ka zauna ka rubuta hanyar da kake bi da gaske a wata, ba wadda kake kallo a waya ba.

40/
Tun daga lokacin na maƙale sau uku. Biyu a yashi, ɗaya a laka wajen Haɗeja. Bambancin shi ne yanzu da na ji taya ta fara juyawa a banza sai in ɗaga ƙafa. In sauka, in rage iska, in tona, in koma da baya a kan sawuna. Mafi daɗewa minti 25. Ta lakar ce sai da tarakta ta ja ni, kuma igiyata aka yi amfani da ita.

41/
Yaya ba ta ji labarin daren nan daga bakina ba sai bayan wata biyu. Na zaci faɗa za ta yi a kan dubu 520. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yarinyar da aka haifa, ka kai musu kayan barka?" Na ce na kai. Ta ce, "To ka cire asarar bambar daga kasonka, ba nawa ba." Na cire.

42/
Fitilar kuma tana can ƙauyen. Da na koma bayan suna na nemi dattijo mai amalanke in ba shi wani abu, ya ƙi karɓa, ya ce shanun ne suka yi aikin kuma ba sa cin kuɗi. Sai ya tambaya ko wutar nan tawa na aiki da batirin sola. Na ce 12 ce, tana yi. Muka kwance ta a nan take. Ɗansa na da teburin shayi a bakin hanyar, an ɗaure ta a jikin darbejiya. In kun bi ta wajen da daddare za ku hango ta tun daga nesa, ku tsaya, yana sa madara da yawa.

43/
Ƙanina mai tambaya: turo min hoton ƙarƙashin motar da lambar tayoyin guda biyar. Ranar Asabar ina Ƙofar Ruwa, in kana Kano ka zo da ita.